Tom da Jerry: tseren muzuru da ɓera ya haura shekara 80, masu kallo ba su gaji ba

A ranar 10 ga watan Fabrairun 1940 ne gidajen silima a Amurka suka fara nuna wani ɗan gajeren fim na zane mai suna Puss Gets the Boot. Labarin ba wani mai tsawo ba ne. Uwargida ta gargaɗi muzurunta cewa idan ya ƙara fasa wani abu a gidan za ta jefa shi waje, ɓera kuwa ya ji, sai ya shiga wurgo kofuna da faranti daga sama, muzuru na ta faman cafewa. A lokacin sunan muzurun Jasper, ɓeran ma ba a ambaci sunansa ba. Shugabannin kamfanin MGM ba su ɗauki fim ɗin da wani muhimmanci ba, don a ganinsu labarin mage da ɓera tsohon zance ne da kowa ya riga ya yi. Sai ga shi an saka fim ɗin cikin jerin masu takarar kyautar Oscar, masu gidajen silima kuma suka fara tambayar ci gabansa.

Daga nan ne William Hanna da Joseph Barbera, matasan da suka tsara shi, suka samu izinin ci gaba, aka kuma sauya wa dabbobin suna zuwa Tom da Jerry. Yau dukkansu biyu sun rasu, Hanna a 2001, Barbera a 2006, amma da wuya a samu matashi a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai da bai san muzurun nan mai launin toka da ɓeran da ya hana shi sakat ba. Wasu sun fara ganinsu a kaset ɗin bidiyo a gidan kallo na unguwa, wasu a faifan CD, wasu a tashoshin tauraron ɗan adam irin su Cartoon Network, Boomerang da MBC3. Ƴan baya kuwa a wayar salula suka same su, ana tura musu daga wannan waya zuwa waccan kamar yadda ake tura waƙa.

Fim ɗin da ba ya buƙatar tafinta

Babban abin da ya buɗe wa Tom da Jerry ƙofar kowane gida shi ne rashin magana. Fim ɗin Indiya sai an yi masa fassara kafin tsohuwa ta bi labarin daga farko har ƙarshe. Fim ɗin Faransa sai wanda ya yi lakwal. Shi kuwa wannan, in ban da ƴan wurare ƙalilan, babu wanda ke cewa uffan a cikinsa. Ido kawai ake buƙata. Yaron da bai fara zuwa makarantar allo ba ya gane cewa wanda ya tura hannu cikin rami aka ɗana masa tarko zai yi kuka, kuma ya san cewa abin da ya hau sama zai faɗo, yawanci a kan Tom.

Shi ya sa ƴan ci-rani ke da wata alaƙa ta daban da shi. A ɗakin da Bahaushen Nijar ke kwana da ɗan Mali da ɗan Sudan, a Tamanrasset ko Tripoli ko Abidjan, harshe na iya raba mutane, amma minti bakwai na muzuru da ɓera kan haɗa su dariya a kan waya guda. Haka kuma uban da ke zaune a Faransa ko Amurka, wanda ƴaƴansa suka fi shi iya harshen ƙasar, ya kan samu abu ɗaya da za su kalla tare ba tare da an tsaya yi masa bayani ba. Shi ne ma zai iya gaya musu abin da zai faru gaba.

Wannan salon barkwanci na duka da faɗuwa da zamewa ya girmi silima. Ƴan wasan kwaikwayon Italiya na ƙarni na 16 suna da wata sanda ta katako biyu da aka haɗa, wadda in an maka wa mutum sai ta yi ƙara mai ƙarfi alhali ba ta yi masa zafi ba. Daga sunan sandar ne Turawan Ingila suka samo sunan salon baki ɗaya. Charlie Chaplin, wanda ƙasashen da ke jin Faransanci suka fi sani da Charlot, da Buster Keaton sun kai shi ƙololuwa a zamanin fina-finai marasa murya. Abin da masu zane suka ƙara shi ne cire iyaka. Ɗan wasa na gaske ƙashinsa na karyewa. Tom kuwa a daka shi da dutsen guga fuskarsa ta koma siffar dutsen guga, a yanka shi gunduwa-gunduwa, ya girgiza jiki ya miƙe kamar ba a yi komai ba.

Aikin da ke cikin minti bakwai

Mai kallo na iya zaton shirme ne kawai aka jera. To amma duk daƙiƙa ɗaya ta fim ɗin silima hotuna 24 ne, ma'ana fim na minti bakwai ya haura hoto dubu goma. Babu kwamfuta a lokacin. Da fensir ake zana motsin a takarda, a kwafe shi da tawada a kan wata leda mai garai-garai, a shafa fenti ta bayanta, a ɗora ta a kan hoton ɗaki ko na lambu, sannan a ɗauki hotonta ɗaya bayan ɗaya. Masu zane huɗu ne sunansu ya fi fitowa a farkon fina-finan wancan zamani: Kenneth Muse, Irven Spence, Ray Patterson da Ed Barge.

Rabon aikin tsakanin iyayen tafiyar a fili yake. Barbera ne mai ƙirƙiro labari da zana yadda zai kasance. Hanna kuwa shi ne mai auna lokaci: hoto nawa za a ɗauka kafin kasko ya sauka a kan Tom, tsawon wane lokaci zai tsaya yana kallon nakiyar da ke hannunsa kafin ya gane mece ce. A nan dariyar take. Duk mai ba da labari a fada wurin shan shayi ya san cewa in ka yi gaggawar faɗin ƙarshen zance ka kashe shi, in ka ja shi da yawa ma ka kashe shi. Wannan ɗan tsaikon da Tom ke yi, ya juyo ya kalli mai kallo kafin bala'i ya sauka, an lissafa shi ne hoto bayan hoto. Har ihun nan na Tom da kowa ke kwaikwayo, muryar Hanna ce aka naɗa.

Sai kiɗa. Scott Bradley ne ya rubuta kiɗan kusan dukkan fina-finan da Hanna da Barbera suka yi, kuma babbar ƙungiyar makaɗa ce ke bugawa. Tunda dabbobin ba sa magana, kiɗan ne bakinsu. In Jerry na sanɗa, kiɗan na sanɗa, in Tom ya gangaro daga bene, kowane mataki da sautinsa. Wanda ke son gane ƙimar wannan aiki ya kashe sautin wayarsa ya kalli fim ɗaya, zai ga rabin daɗin ya tafi.

Babu inda wannan ya fito fili kamar The Cat Concerto. Tom ya shigo dandali sanye da kwat, cikin ƙasaita, ya zauna gaban fiyano zai buga Hungarian Rhapsody mai lamba 2 ta Franz Liszt, ɗan ƙasar Hungary, wadda ko ƙwararrun makaɗa ke jin jiki kafin su iya ta. Ashe Jerry na barci a cikin fiyanon. Daga nan faɗa ya kaure, amma kiɗa bai tsaya ba ko sau ɗaya, duk duka da cizo da tarko sun faɗa daidai kan sauti. A ƙarshe Tom ya zube a gajiye, hannuwan rigarsa sun yage, Jerry ya fito ya karɓi tafi. Fim ɗin ya ci Oscar a bikin da aka yi a 1947. Abin mamaki, kusan lokaci guda kamfanin Warner Bros ya fitar da Rhapsody Rabbit, inda zomo Bugs Bunny ke buga wannan kiɗa ɗin, shi ma da ɓera a cikin fiyano. Kamfanonin biyu sun zargi juna da satar fasaha.

Tsakanin 1940 da 1958 Hanna da Barbera sun yi gajerun fina-finan Tom da Jerry 114, bakwai daga ciki suka ci Oscar. Sai dai ba su ne ke hawa dandali karɓar kyautar ba. Shugaban sashen, Fred Quimby, wanda ba mai zane ba ne, shi ne sunansa ke kan kyautar.

Wa kake goyon baya?

Akwai muhawarar da ba ta ƙarewa tsakanin masu kallo, kuma ta kan bi shekaru. Yaro kusan kullum yana bayan Jerry, ko kusu kamar yadda ake cewa a Maraɗi da Tawa. Ƙarami ne kamarsa, kowa ya fi shi ƙarfi, amma da dabara yake kayar da babba. Wanda ya tashi da tatsuniyar Gizo ba baƙon wannan tsari ba ne: mai wayo ya ci, kura mai kwaɗayi da gaggawa ta sha kashi, kuma babu mai jin tausayinta.

Da mutum ya girma ya fara neman na kansa, sai kallon ya sauya. Tom ɗan aiki ne. An ba shi kwano da wurin kwana bisa sharaɗin ya kama ɓera, in ya gaza tsintsiya ce da kora. Jerry kuwa, in aka duba da kyau, sau da yawa shi ke tsokana, shi ke kwashe cuku daga firji, sannan in abu ya yi zafi ya ruga bayan kare Spike. A Quiet Please! na 1945, Spike ya ce zai yi barci, kuma duk ƙarar da ta tashe shi Tom ne zai biya. Jerry na jin haka ya shiga neman duk abin da zai yi ƙara a gidan. Wanda ya taɓa aiki ƙarƙashin maigida mai faɗa, a ce laifin wani shi za a cire wa a albashi, ba zai kalli wannan fim da idon yaro ba. Zai yi dariya, amma ya san inda take masa ciwo.

Masu tsara fim ɗin ma ba su bar abin ya zama gaba zalla ba. Akwai lokutan da Tom ke tsorata idan ya zaci ya kashe Jerry da gaske, akwai lokutan da suke haɗa kai su kori wani baƙo da ya shigo gidan. Zaman doya da manja ne, amma kowanne ya san in babu ɗan'uwansa ba shi da abin yi.

A nan ya kamata a gyara wani labari da ke yawo a Facebook da WhatsApp, mai cewa wai a kashi na ƙarshe Tom da Jerry sun kashe kansu a kan layin dogo. Fim ɗin da ake nufi, Blue Cat Blues, akwai shi, an fitar da shi a 1956. Budurwar Tom ce ta guje shi ta bi wani muzuru mai kuɗi, ya je ya zauna a kan layin dogo cikin baƙin ciki, daga baya Jerry ma irin haka ta same shi ya zo ya zauna kusa da shi, ana jin kukan jirgi daga nesa. Ba a nuna mutuwarsu ba, kuma ba shi ne na ƙarshe ba. Wasu sun biyo bayansa har zuwa Tot Watchers a 1958.

Ba duka ne na asali ba

Masu kallo da yawa kan lura cewa wani Tom ɗin ya fi wani daɗi, ba tare da sanin dalili ba. Dalilin shi ne hannaye da dama ne suka taɓa shi. A 1957 MGM ta rufe sashen zanenta, bayan talabijin ta fara janye mutane daga silima, kamfanin kuma ya gano cewa sake nuna tsofaffin fina-finan na kawo kuɗi ba tare da kashe ko sisi a kan sababbi ba. A 1961 da 1962 aka ba Gene Deitch kwangilar yin guda 13 a birnin Prague, a ƙasar Czechoslovakia ta lokacin gurguzu, da kuɗi kaɗan ƙwarai. Su ne waɗanda sautinsu ke amsa-kuwwa kamar a cikin rijiya, maigidan Tom kuma wani mutum ne mai zafin rai da ke jibgarsa har abin ya daina ba da dariya. Daga 1963 zuwa 1967 Chuck Jones ya yi guda 34, inda Tom ya samu gira mai kauri, Jerry kuma manyan kunnuwa da idanu.

Jones ɗin nan shi ne, tare da marubuci Michael Maltese, ya ƙirƙiro a 1949 wani tseren da masu kallon tashoshin Faransa suka sani da Bip Bip et Coyote: karen daji mai yunwa da tsuntsu mai gudu a hamada. A can tsuntsun ba ya ma rama komai. Karen ne ke sayen kayan tarko daga kamfanin Acme, kayan su juya kansa, ya faɗa daga kan tsauni, mai kallo ya jira ɗan ƙurar da za ta tashi can ƙasa.

A 1975 an yi wa Tom da Jerry wani shiri na talabijin inda aka mayar da su abokai, aka ɗaura wa Jerry jan ƙyalle a wuya, saboda ƙa'idojin hana nuna duka a shirye-shiryen yara. A 1992 aka yi dogon fim da suka buɗe baki suna magana har da waƙa. Ba su ne ake turawa a waya ba.

Abin da dariya ba ta rufe ba

Zargin cewa fim ɗin na koya wa yara mugunta ya daɗe. A 2016 shugaban hukumar yaɗa labarai ta gwamnatin Masar, Salah Abdel Sadek, ya ambaci Tom da Jerry a wani jawabi a Jami'ar Alƙahira cikin abubuwan da ya ce suna yaɗa tashin hankali a ƙasashen Larabawa, lamarin da ya jawo masa ba'a a kafafen sada zumunta. A Birtaniya kuwa, a 2006, ƙorafin wani mai kallo ne ya sa tashar Boomerang ta amince ta yanke wuraren da ake nuna shan taba a matsayin abin burgewa. Ɗora wa muzurun zane alhakin yaƙe-yaƙen Gabas ta Tsakiya ya yi nisa da hankali. Amma uwar da ta ga ɗanta ɗan shekara huɗu ya ɗauki muciya ya nufi ƙanensa tana da hujjar sa ido. Ya kamata a tuna cewa ba don yara aka yi waɗannan fina-finai ba tun farko. A silima ake nuna su kafin babban fim, ga zauren da manya suka fi yawa. The Two Mouseketeers, wanda shi ma ya ci Oscar, ya ƙare ne da nuna cewa an fille wa Tom kai.

Akwai kuma wani batu da ya fi shafar mai kallo baƙar fata. Matar nan da ba a cika ganin komai nata ba sai ƙafafu da silifa da tsintsiya, wadda ake kira Mammy Two Shoes, an zana ta ne bisa tsohon hoton raini da fararen Amurka ke yi wa baƙaƙen mata masu aikin gida: ƙatuwa, mai faɗa, mai karyayyen Turanci. Ƴar wasa baƙar fata Lillian Randolph ce ta yi muryarta. Ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta NAACP ta yi ƙorafi, kuma daga 1952 ba a sake saka ta ba. Ban da ita, akwai wuraren da nakiya ke fashewa fuskar Tom ta koma baƙa ƙirin da manyan leɓɓa, irin kwalliyar da fararen ƴan wasa ke yi don yi wa baƙar fata ba'a. His Mouse Friday na 1951 ma ya nuna baƙaƙen mazauna wani tsibiri a matsayin masu cin naman mutane.

Yaro a Zinder da ya ga waɗannan a kaset bai san da shi ake ba. Ya ɗauka gawayi ne kawai. Wanda ya je Amurka ko Turai ya ga yadda ake kallon fatarsa, in ya sake kallo zai ga abin da bai gani ba a da. Kamfanonin sun gwada hanyoyi iri-iri. A shekarun 1960 an sake zana matar a wasu fina-finan ta koma farar fata, daga baya aka sake mata murya. A 2005 an saka ƴar wasa Whoopi Goldberg ta yi gabatarwa a faifan DVD, tana bayanin cewa hotunan kuskure ne tun a wancan lokaci, amma goge su tamkar cewa ne ba a taɓa yi ba. A 2014 Amazon da iTunes suka liƙa irin wannan gargaɗi. Wannan hanyar ta fi gaskiya. Babba ya ga abin yadda yake tare da bayani, yaro kuma a zaɓar masa, domin cikin 114 ɗin akwai da yawa da babu wannan tabo a jikinsu.

Mai zanen Tawa

Kaɗan ne daga cikin masu son Tom da Jerry a Nijar suka san cewa ɗaya daga cikin mutanen farko da suka yi fim ɗin zane a Afirka ta kudu da Sahara ɗan ƙasarsu ne. Moustapha Alassane, wanda aka haifa a 1942, ya fara ne da aikin kanikanci, ya yi aiki da Jean Rouch a Yamai, sannan ya je Kanada ya ƙaro ilimi wurin Norman McLaren. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, fim na ƴan mintuna da ya yi wa sababbin shugabannin Afirka shaguɓe ta hanyar shugaban wata jamhuriyar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki da dukkan fareti da jiniya. Ya kuma yi Kokoa, inda kwaɗi da sauran dabbobi ke fafatawa a filin kokawar gargajiya. Ya zauna shekaru da dama a Tawa, yana aikinsa da ƴan kayan da ya haɗa da hannunsa, har ya rasu a 2015 a Wagadugu. Samun fina-finansa a wayar matashin Tawa ya fi samun na Tom wuya.

Su ma na Tom ɗin ba su da tabbas kamar yadda ake zato. Ted Turner ya sayi rumbun tsofaffin fina-finan MGM a 1986, daga baya suka koma hannun Warner Bros, kuma kamfanin ne ke yanke abin da za a gani da abin da za a ɓoye. A 2013 an dakatar da fitar da kashi na biyu na wani tarin faifan Tom da Jerry bayan masoya sun yi ca a kan cire fina-finai biyu, Mouse Cleaning da Casanova Cat, saboda hotunan wariyar da ke cikinsu. A watan Maris na 2025 kuma kamfanin ya kwashe tsofaffin gajerun fina-finan Looney Tunes, wato su Bugs Bunny da Coyote, daga manhajarsa ta kallo da ake kira Max a lokacin. Abin da ke YouTube a shafin WB Kids galibi guntaye ne da aka yanko aka jera, babu farko babu ƙarshe, an cakuɗa na 1945 da na bayan 2000.

Ga mai son tantance na asali kafin ya ƙona megarsa, alamar tana farkon fim ɗin: zakin MGM ya yi ruri, sannan sunayen William Hanna da Joseph Barbera su fito a matsayin masu ba da umarni, na Scott Bradley kuma a wajen kiɗa.